Mun gama hoto a Wikki, wa muka bar wa dajin?

Duk hutun ƙarshen shekara ko bayan sallah, ba sai an faɗa maka ba, da ka buɗe Facebook ko TikTok za ka san an je Yankari. Ga samari a cikin ruwan Wikki ana ta tsalle, ga 'yan mata a gefe an sha baƙin gilashi, ga bidiyon gwaggon biri ya fizge ledar burodi ya haye bishiya, ana ihu ana dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye maka ba. Da 'yan ajinmu muka je, mota biyu. Muka yi wanka, muka ci muka sha, muka cika wayoyinmu da hotuna. Sai a hanyar dawowa wani abokina ya jefo tambayar da ta kashe mana baki. Ya ce, wai a cikinmu wa ya san sunan ko da mutum ɗaya daga cikin masu gadin dajin nan? Motar ta yi tsit. Mu da muke karatun aikin jarida, babu wanda ya tsaya ya tambayi mutanen nan yadda suke kwana a dawa, ko nawa ake biyansu, ko me suke tsoro.

Wannan tambayar ce ta zaunar da ni rubuta maka wannan, ɗan'uwana matashi, da ke 'yar'uwata.

Bari mu fara da abin da muka je muka yi wa hoto. Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinta murabba'in kilomita 2,244. A 1956 aka keɓe ta, a 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara. Gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991, sannan ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Ruwan Wikki da muke yi wa rububi yana nan a kan ɗuminsa na kusan digiri 31, rani da damina, dare da rana. Amma dukiyar wurin ta gaske tana can ciki, wajen kogin Gaji: ɓauna, gwanki, kanki, dorina, da garken giwaye da ke cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Haka kuma zaki. Wannan zakin da muke yi wa kirari, muke sa wa 'yan ƙwallo da 'yan siyasa sunansa, a duk faɗin ƙasar nan wuri biyu kacal aka san ya saura a daji, Yankari da Kainji, kuma masana na ganin gaba ɗayansu ba su kai 50 ba.

Giwayen ma da ƙyar suka sha. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta nuna kusan 350. Yau kiyasin da ake yi tsakanin 100 ne zuwa 150. Masu farautar haure ne suka yi musu wannan ɓarnar, kuma ba da kwari da baka suke shiga ba, da bindiga suke shiga, har masu gadin dajin sun sha rasa rayukansu a hannunsu. Da an ci gaba a haka, da yanzu sai dai mu nuna wa ƙannenmu giwa a littafin firamare.

Me ya taka wa abin birki? A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji mai suna WCS, ta ba ta ragamar tallafa wa aikin tsaron dajin. Aikin ba wani siddabaru ba ne. Mai gadi ya samu abincin sintiri, ya samu takalmi da horo, a biya shi alawus ɗinsa, a kuma san inda ya taka da inda bai taka ba. Aka ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, don a riƙa sanin inda garke ya dosa. Aka ɗauki wasu mutanen ƙauyukan gefen dajin a matsayin masu sa ido kan giwaye, da sun ga sun fito sai su buga waya. Ana kuma kwaso 'yan makarantar ƙauyukan a kai su cikin dajin su gani da idonsu. Sakamakon shi ne, daga 2015 aka yi shekaru a jere ba a samu rahoton an kashe giwa ko ɗaya don haurenta ba. A 2021 wani babban mai gadin Yankari, Suleiman Saidu, ya karɓi lambar yabo ta Tusk a Landan daga hannun Yarima William na Ingila, lambar da ake ba gwarzon mai gadin daji guda ɗaya a duk Afirka. Tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin sunansa ya zagaya a shafukanmu? Da rigimar 'yan fim ce, da mun kwana uku muna kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin ita WCS ɗin. Wasu mazauna birnin New York na Amurka ne suka haɗu suka kafa ta tun 1895. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, mutane ne da suka ga abu na lalacewa suka ce ba za su zuba ido ba. Masu yi mata aiki a Yankari 'yan ƙasar nan ne, wannan gaskiya ne, kuma sun cancanci jinjina. Amma kuɗin da tsarin daga ƙetaren teku suke zuwa. Ranar da masu ba da tallafin suka juya akalarsu wani wuri, wa zai tsaya? Mu da Bauchi take kusa da mu kamar hanci da baki, me muka kafa?

Na san abin da ke bakinka, don ni ma an faɗa mini. Ana sace mutane a hanya, buhun shinkafa ya gagari albashi, ka gama digiri ba aiki, sannan wani ya zo yana maka wa'azin giwa? Wannan ai zancen wanda ya ƙoshi ne.

To, mu tsaya a kan maganar tsaron da ka kawo. Ka lissafa mini sunayen da suke sa gabanmu faɗuwa a labarai. Sambisa. Kamuku. Rugu. Falgore. Kusan dukkansu gandun daji ne da hukuma ta keɓe. Sambisa wurin namun daji ne da ake zuwa kallo kafin ya zama abin da ya zama. Kamuku da ke Birnin Gwari yana cikin gandun daji na ƙasa, irin matsayin da Yankari ta taɓa riƙewa. Falgore a kudancin Kano ya yi shekaru yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya, sai da aka kai ga mayar da wani ɓangarensa filin atisayen sojoji. Ba dare ɗaya aka wayi gari haka ba. Da farko masu ziyara ne suke ɗauke ƙafa. Sai hanyoyin sintiri su cushe da ciyawa, motar aiki ta mutu a bar ta a kan duwatsu. Sai mai saran katako ya shiga, mai gawayi ya bi shi, mai haƙar ma'adinai ya biyo baya, kowa ya gane cewa wurin nan ba mai tambaya. Wanda yake zuwa a ƙarshe shi ne mai bindiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu kuwa muna kallo bangon ya yi ta tsagewa shekara da shekaru, don a ganinmu daji ba na kowa ba ne.

Kada ka fahimce ni ba daidai ba. Ban ce ƙungiyar masu son tsuntsaye za ta kori 'yan bindiga ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma ba za mu sauke mata shi ba. Ita kanta Alkaleri ta ɗanɗana hare-hare a 'yan shekarun nan. Abin da nake cewa shi ne, dajin da ake sintiri a cikinsa kullum, wanda mutanen gefensa suke cin moriyarsa kuma suke da lambar wayar da za su kira, ya fi wuyar mamayewa a kan wanda aka yi wa allo a bakin titi aka tafi. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ƙara gandun daji na ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su, ciki har da Falgore, da Kogo a Katsina, da Baturiya a Jigawa. Madalla. Sai dai takarda ba ta sintiri. In babu jama'ar da za su riƙa bibiya suna tambayar ina aka kwana, nawa aka ware, nawa aka saki, sunan ne kawai zai canza.

Akwai wani ƙorafin da ya fi na farko nauyi, kuma duk mai son dajin nan da gaske dole ya saurare shi. Shi ne na manomin da gonarsa take bakin iyaka. Kai da ni giwa abin sha'awa ce a waya. Shi kuwa, garke ɗaya in ya ratsa masa masara ko dawa a dare ɗaya, abincin shekara ya tafi. Ka sa kanka a matsayinsa: ka ci bashin taki, ka yi noma da iyalinka, saura mako biyu girbi, ka wayi gari ka tarar da kara a kwance. Sannan a ce maka in ka taɓa dabbar nan ɗauri ne. Wace irin soyayya kake so ya yi wa giwa? Haka makiyayin da burtalinsa ya zama gonaki, fadamar da yake shayarwa ta zama lambu, ya ɗaga kai ya hango ciyawa shar a cikin gandu an ce kada ya shiga. Haka matar da ba ta da kuɗin gas, itacen nan shi ne murhunta.

Duk wani shirin kare daji da ya mayar da waɗannan mutane abokan gaba, wallahi ya faɗi tun kafin ya fara. Kuma a nan ne ƙungiyoyin sa-kai suke da amfanin da bindigar mai gadi ba ta da shi. Su ne za su iya zama a ƙofar gidan mai gari a yi maganar diyya. Su ne za su kawo dabaru irin na jera amya a gefen gona, tunda an tabbatar giwa tana gudun ƙudan zuma, ga manomi ya samu zumar sayarwa. Su ne za su matsa a ɗauki 'ya'yan ƙauyen aikin gadi da jagorancin baƙi, maimakon a kawo na birni. Mu kuma masu waya a hannu, aikinmu ne mu sa a ji muryar manomin nan kamar yadda ake jin ta masu kare giwar. In muka ɗauki ɓangare ɗaya muka bar ɗaya, mun zama 'yan talla.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin yana yiwuwa. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma da can yana yawo tun daga Senegal har tafkin Chadi, har da arewacin Najeriya. A 1996 guda 49 suka rage a duniya, dukkansu a yankin Koure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Kuma ba a cikin wani shingen gandu suke ba, a cikin gonakin mutane suke kiwo, suna ɗan taɓa musu wake da mangwaro. Gwamnati ta hana farautarsu, ƙungiyoyi irin su ASGN kuma suka bi ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance, samarin yankin suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora. Adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi don a sake kafa wani garken. Labarin yana da ɗacinsa. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Koure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2, ɗaya daga cikinsu shi ne shugaban ƙungiyar jagororin. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin mutane da yawa ya tsaya. Raƙuman dai suna nan, a cikin gonakin mutanen da suka saba da su.

Wani kuma zai ce ai wannan duk al'adar Turawa ce. A'a, malam. Kalmar hurumi ba Bature ne ya kawo mana ita ba. Kakanninmu sun san kurmin da ba a sara, da tafkin da ba a su sai ranar da aka buɗe, suna da Sarkin Dawa da Sarkin Baka da Sarkin Ruwa. Har gobe a Argungu ba a kamun kifi a Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da manyan kifayen da duniya take zuwa kallo. A addini ma, Manzon Allah (SAW) ya haramta sare itatuwan Madina da farautar namunta, ya kuma keɓe filin Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza. Abin da ya ɓace mana shi ne tsarin da yake sa kowa ya ji yana da haƙƙi a kan abin da yake na kowa. Sarautun nan yawancinsu sun koma na rawani, mu kuma ba mu gina komai a gurbinsu ba.

Ka dubi Legas. A 1980 wasu 'yan ƙasa ƙarƙashin jagorancin marigayi Cif S. L. Edu suka kafa gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF. A 1990 ta killace hekta 78 a Lekki. Yau ka je ka ga yadda gine-gine suka cinye yankin kaf, fili ya zama zinare, amma wannan kurmin yana nan da birransa da kadojinsa, mutane suna biyan kuɗi suna layi don su hau gadar nan ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Da ba a samu masu taurin kan da suka riƙe shi ba, da tuni ya zama rukunin gidaje.

Mu fa ba iya kafa ƙungiya ne ba mu yi ba. Muna da ta magoya bayan Arsenal da ta Madrid, da shugaba da sakatare da ma'aji. Muna da ta masoyan jarumin fim, da ta dakarun ɗan takara a soshiyal midiya, da ta tsofaffin ɗalibai har na aji shida. In aka ce wani ba shi da lafiya, cikin kwana biyu mun tara miliyoyi ta waya, kuma wannan abin alfahari ne. Ƙarfin yana nan, inda muke kai shi ne abin dubawa.

Kuma akwai waɗanda suka riga mu, ba daga sifili za a fara ba. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda aka kafa a 2001 a gefen dajin Amurum tare da haɗin kan mutanen garin. Daga nan ake tafiyar da aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne suke yinsa. Reshen arewa sunansa Arewa Atlas Team, yawancinsu matasa ne irinmu, ɗalibai da waɗanda suka gama. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Ka shiga ɗaya da wayarka, ka rubuta duk tsuntsun da ka gani a manhaja, ka tura. Kada ka raina wannan. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahautar garinku? Iyayenmu sun taso suna korarsu da dutse, yau sun yi ƙarancin da aka sa su cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayensu don tsibbu. Ungulu kuwa ita ce mai kwashe mushe kafin ya zama cuta. Sun ɓace a gaban idonmu, ba wanda ya rubuta ranar da ya ga ta ƙarshe. Irin wannan rubutun ne hujjar da ake ɗauka a tunkari hukuma da ita.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma bai kai kuɗin datar da kake ƙonawa a mako ba. Ka nemi gandun dajin da ya fi kusa da garinku, ka san sunansa da hukumar da take riƙe da shi. Ku haɗu ko ku biyar ne, a makaranta ko a unguwa, ku je ku gaida masu gadinsa da mai garin da ke gefensa, ku ji ta bakinsu. In akwai ƙungiyar da take aiki a wurin ku shiga, in babu ku zama ita. Lokacin da aka fitar da kasafin kuɗin jiha, ku duba abin da aka ware wa gandun daji, ku wallafa, bayan wata shida ku koma ku tambaya. In kuma bidiyo ya zo maka an kashe dorina ko kura ana ta shewa, ko wani yana tallan ɗan biri da aku a keji, kada ka tura shi gaba da alamar dariya. Ka tambaya a ina ne, ka sanar da waɗanda abin ya shafa. Ke kuma 'yar'uwa, kada a ce miki wannan harkar maza ce. Maganar itace da gawayi da murhu mai cin itace kaɗan, a bakinki matan ƙauye za su fi saurarenta.

Wani abu guda: in kun kafa, don Allah kada ta zama ƙungiyar riga da hula, a dasa bishiya 20 a gaban kyamara ranar muhalli ta duniya, 5 ga Yuni, a watse, akuya ta cinye kafin sati. Mun ga irinsu da yawa. A ɗauki wuri ɗaya a riƙe shi, ko da ƙaramin kurmin bayan gari ne.

Mu dai 'yan ajinmu mun sa ranar komawa Yankari bayan jarrabawa. Wannan karon da rakoda da littafin rubutu za mu je, kuma mun yi alkawari ba wanda zai tsoma ƙafa a Wikki sai mun gama hira da masu gadi da manoman ƙauye ɗaya na bakin iyaka. Abin da suka faɗa mana, a wannan filin za ka karanta shi. Saura kujera uku a motar.